Paq Mochila a hanyar Santiago: abin da za ka ba motar gidan waya, da abin da za ka goya da kanka

Da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, in ka leƙa zauren masaukan da ke kan hanyar Santiago a arewacin Sifaniya, za ka tarar da jakunkuna jibge a lungu guda, kowace da takarda ɗaure a hannunta, an rubuta sunan mai ita da masaukin da zai kwana yau. Masu su sun kama hanya tun da duhu-duhu, 'yar ƙaramar jaka a baya, sanda a hannu. Can an jima mota ta tsaya a ƙofa, direba ya duba takardu, ya loda, ya wuce. Kamfanoni da dama ke wannan aiki, amma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa shi ne Correos, wato gidan wayar ƙasar, kuma sunan hidimar tasu Paq Mochila. Ita za mu auna, musamman a ranakun hawan dutse, don a nan ne amfaninta da cikas ɗinta suke fitowa fili.

Ga wanda bai san hanyar ba, ziyara ce ta Kiristoci zuwa babbar majami'ar birnin Santiago de Compostela, inda suka yi imani an binne Yakubu ɗan Zabadi, ɗaya daga cikin almajiran Yesu. Yau har waɗanda tafiyar ƙafa kawai ta kawo su suna bin ta. Reshen da ya fi suna, Camino Francés, yana tashi daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa, tsawonsa kimanin kilomita 780, yawanci ana raba shi zango 30 zuwa 35. A 2024 mutum kusan 500,000 ne suka karɓi takardar shaidar kammala ziyara ta dukkan rassan hanyar. Shekarar 2027 kuwa shekara ce mai tsarki a wurinsu, saboda 25 ga Yuli za ta faɗo ranar Lahadi, don haka mai niyyar zuwa a lokacin ya shirya wa cunkoso a masauki da kuma wajen masu ɗaukar kaya.

Ƙa'idar Paq Mochila gajeriya ce. Ana gobe za ka tashi, kafin ƙarfe 8 na dare, ka yi rajista ta intanet ko ta waya, ka faɗi inda za a ɗauki jaka da inda za a sauke ta. Nauyinta kada ya wuce kilo 15. Ka ajiye ta a wurin da mai masauki ya nuna maka kafin ƙarfe 8 na safe, su kuma sun ɗauki alkawarin kai ta kafin 2:30 na rana. Suna aiki daga wajen Ista zuwa ƙarshen Oktoba, in ban da tsakanin garin Sarria, da ke kusa da ƙarshen hanya, da Santiago inda ba sa hutawa duk shekara. Kuɗin zango ɗaya bai kai na abincin dare a gidan abinci ba, kuma yana sauƙi ga wanda ya biya zango da yawa lokaci guda.

A kan abin da suka yi alkawari, ba a ga laifinsu ba. Ƙarfe 2:30 ya dace da yadda tafiyar take, don mafi yawan masu ziyara tsakanin ƙarfe 1 da 3 suke isa, ka ga da wuya mutum ya daɗe zaune da gumi yana jiran sabulu da tufafin canji. Ba ta kuma taɓa takardar shaidarka. Sharaɗin ofishin da ke bayarwa shi ne ka taka aƙalla kilomita 100 da ƙafarka, ka ƙarasa a Santiago, kana samun hatimi biyu kowace rana a takardar ziyara, wato ɗan littafin da mai ziyara ke riƙewa a hanya. Babu mai tambayar wanda ya ɗauki kayanka. Akwai dai masu gunaguni cewa wanda bai goyi jakarsa ba ba cikakken mai ziyara ba ne, to wannan tsakaninsu ne da gwiwoyinsu.

Cikas ɗin yana cikin wannan ƙarfe 8 na dare. Fataken da, madugu ne ke duba rana, ya duba ƙafar dabbobi, ya ce a yada zango nan. Wanda ya ba mota jakarsa ya sallama wannan dama tun daren jiya. In ka rubuta cewa Roncesvalles, ƙauyen da zangon farko ke ƙarewa a Sifaniya, za ka kwana, to can bargonka da tufafinka za su kwana, ko ƙafarka ta yarda ko ta ƙi, ko hadari ya taso ko bai taso ba. A fili, wannan damuwa ce ƙarama, ka kira tasi ka ƙarasa. A kan dutse kuwa tana sa mutane ci gaba da hawa a lokacin da hankali ya ce a juya.

Zangon farko, mai tsallaka duwatsun Pirenis da ke tsakanin Faransa da Sifaniya, shi ne ya fi nuna haka, kuma shi ne mafi wuya a duk tafiyar, ga shi ya zo a ranar da jiki bai saba ba. Da yake daga Faransa ake tashi, abin da aka saba shi ne a ba kamfanin Express Bourricot na cikin garin Saint-Jean jaka ya tsallaka da ita, sannan daga Roncesvalles a koma wa Correos ko wani. Hanyar sama, wadda ake kira ta Napoleon, kilomita 24 zuwa 25 ce. Garin yana ƙasa da mita 200 daga teku, mashigar Lepoeder kuwa tana wajen mita 1,430, ka ga hawan ya haura mita 1,200 a yini guda. Mai matsakaicin ƙarfi zai ci awa 7 zuwa 9. Mafi tsanani shi ne kilomita 8 na farko zuwa masaukin Orisson, inda kwalta ke miƙewa kamar an jingina ta da bango. Daga nan hawan ya lafa, amma itatuwa sun ƙare, sai ciyawa da tumaki da dawakai, babu abin da zai tare maka iska. Daga Orisson zuwa Roncesvalles, kusan kilomita 17, babu kanti. Akwai wata mota mai sayar da shayi da ayaba da kan tsaya a lokacin da mutane suka yi yawa, amma kada ka ɗora guzurinka a kanta. Ruwan da za ka dogara da shi, na Orisson ne da na famfon Roland da ke kusa da iyakar ƙasashen biyu.

Lissafin sanyi ba shi da wuya. Duk hawan mita 1,000, zafi yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi. In ka bar gari ana digiri 15, to a sama ka sa ran 7, in iska ta haɗu da jiƙaƙƙiyar riga kuma jiki zai ji kamar sifiri ne. Hazo na sauka cikin 'yan mintoci. Kana ganin mutum a gabanka da jar riga, ka sunkuya ka ɗaura igiyar takalmi, ka ɗago ba shi ba alamarsa, sai ƙarar ƙararrawar tumaki da ba ka san ta ina take fitowa ba. Wurin da aka fi ɓata shi ne wajen kilomita 15, inda hanya ke barin kwalta ta hau ciyawa kusa da wani gicciye. Saboda irin wannan ne hukumomin yankin Navarra na Sifaniya ke rufe hanyar sama daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, kowa ya bi ta kwari, ta Valcarlos, wadda ƙololuwarta a Ibañeta mita 1,057 ce. Ko a Afrilu da Mayu dusar ƙanƙara na iya sauka a sama. Ofishin masu ziyara da ke lamba 39 a titin Citadelle a garin Saint-Jean yana da labarin yanayin kowace rana, in suka ce ka bi ta kwari, ka bi. Abin daɗi, duk hanyoyin biyu Roncesvalles suke ɓullewa, don haka sauya hanya da safe ba ya taɓa lissafin jakarka.

Wannan ya kawo mu ga ƙaramar jakar da za ta zauna a bayanka, inda aka fi yin kuskure. Mutum ya ga rana ta fito a ƙasa, sai ya cusa rigar ruwa da rigar sanyi a babbar jaka, ya ɗauki waya da gorar ruwa kawai. Jakar yini ta zama mai lita 15 zuwa 20, mai ɗamara a ƙugu, ba irin mai igiya biyu da ke yanka kafaɗa ba. A ciki: rigar ruwa mai hula, rigar sanyi mara nauyi, hular sanyi da safar hannu ko da a watan Yuni ne, ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, abin ci da zai riƙe ka awa takwas, safa busasshiya guda a cikin leda, filasta da man shafawa, tocilar goshi, waya da batirin caji. Fasfo, kuɗi, takardar ziyara da duk maganin da kake sha kullum ba sa shiga mota ko sau ɗaya. Duka wannan zai tsaya a kilo 3 zuwa 4, rabinsa ruwa ne.

Rigar ruwa irin mai faɗi da ake zurawa ta kai ta rufe har jaka tana da kyau a ruwan Galisiya, yankin da Santiago yake, mai sauka a tsaye, amma a kan Pirenis iska na cika ta ta rinƙa jan mutum gefe. A can jaket mai zif ya fi. Rigar ciki kuma kada ta zama ta auduga. Auduga na shan gumi ta riƙe, kana tsayawa hutu sai ta zama kamar ka lulluɓa da jiƙaƙƙen tawul. Ta roba mai saurin bushewa ko ta ulu ce ta dace. Wanda ya taso a Sakkwato ko Maraɗi zafin Meseta, faffaɗan filin da ke tsakiyar hanyar, a watan Yuli ba zai ba shi tsoro ba, amma sanyi mai haɗe da jiƙa wani abu ne daban da hunturun da ya sani, wanda busasshe ne. Alamar an shiga hatsari ita ce makyarkyatar da ba ta tsayawa, harshe ya fara sarƙewa, yatsu su kasa jan zif. In an kai nan, a nemi mafaka, akwai ɗan ɗakin gaggawa na Izandorre kafin Lepoeder, a kira lambar gaggawa 112.

Wanda bai amince da ƙafarsa ba ya raba zangon biyu. Masaukin Orisson da na Borda, wanda ke kamar kilomita guda a samansa, gadajensu kaɗan ne, sai an kama tun watanni kafin zuwa. In ba a samu ba, akwai wata dabara: ka taka zuwa Orisson, motar jigila ta dawo da kai gari ka kwana, da safe ta mai da kai inda ka tsaya. A wannan tsari jakarka tana kwana biyu a wuri ɗaya, ka ga ka tsira da kuɗin ɗauka guda.

Daga Lepoeder ana sauka ta hanya biyu. Ta cikin kurmi gajeriya ce amma tana zubar da kusan mita 500 cikin ƙasa da kilomita 4, ga busassun ganye a kan taɓo, tsantsi kamar an zuba kuɓewa. Ta dama tana bin kwalta ta Ibañeta, ta ɗan fi tsawo. In an yi ruwa, ko gwiwa ta fara magana, a bi ta dama. A irin wannan gangara ne kuɗin Paq Mochila da takwarorinta ke halatta kansa, don kowane kilo da ke bayanka gwiwa ce ke tare shi a kowane taku. Takalmi ya fi ƙafarka da rabin lamba ko lamba ɗaya, a kuma ƙara ɗaure igiyarsa kafin a fara sauka, in ba haka ba yatsu su yi ta dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi. Sabon takalmi kuwa bororo ne kawai zai haifar, a taka shi makonni kafin tafiya.

Bayan Pirenis, ranakun da suka cancanci a biya mota ba su da yawa. Akwai Alto del Perdón bayan Pamplona. Hawansa ba wani abu ba ne, amma saukarsa zuwa Uterga a kan duwatsu ne mulmulallu masu girman dunƙulen hannu, suna mirginawa ƙarƙashin ƙafa, nan ake samun targaɗe. Akwai Cruz de Ferro, wajen mita 1,500, inda daga nan ake zubowa kusan mita 900 zuwa Molinaseca ta El Acebo a kan dutse mai kaifi. Mai hankali ya kwana Rabanal ko Foncebadón don ya yi saukar da sauran ƙarfinsa, ya kuma tsaya Molinaseca maimakon ya ja har Ponferrada. Sai O Cebreiro, wajen mita 1,300. Daga Villafranca del Bierzo kilomita 28 ne, kuma hawan gaske, fiye da mita 600, yana cikin kilomita 8 na ƙarshe daga Las Herrerías, daidai lokacin da rana ta take kuma ƙafa ta gaji. Kwana a Vega de Valcarce ko Las Herrerías yana mai da shi aikin safiya. A duk waɗannan ranaku, hasashen yanayin da za ka duba a shafin AEMET, hukumar yanayi ta ƙasar, na ƙauyen da ke sama ne: Foncebadón ba Astorga ba, O Cebreiro ba Villafranca ba. A yawancin watan Oktoba kuma rana ba ta fitowa a Galisiya sai bayan 8:30, alhali masauki na sallamar mutane ƙarfe 8, don haka tocila ba ta shiga babbar jaka.

A ganina wannan ita ce hanya mafi kyau ta amfani da hidimar: kwana biyar ko shida cikin talatin da 'yan kai, da duk ranar da agara ko ƙwauri suka kumbura. Sharaɗin shi ne jakar ta kasance wadda za ka iya goyawa. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka, mai kilo 70 ya tsaya a kilo 7, cikin jaka mai lita 30 zuwa 40. Iyakar kilo 15 tarko ce. Mutum ya ji an ce 15, sai ya cika ta har wuya da takalmi uku da na'urar busar da gashi, daga ranar ya zama bawan mota, don ba zai iya ɗaukar ta ko zango ɗaya ba. A ofishin Saint-Jean akwai sikeli a rataye, ka auna kafin ka fita.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta a takardar farashi ba. Masaukai da yawa na majami'u da na hukuma, har da na gwamnatin Galisiya, ba sa karɓar jakar da mota ta kawo, wasu kuma sun hana shiga da akwati gaba ɗaya. In can kake son kwana, sai a sauke jakar a wani shagon shayi da ke kusa, kai kuma ka je ka ɗauko, ka tabbata ba ranar hutun shagon ba ce. Isar jakarka wuri ba ya nufin an ajiye maka gado. Sakamakon haka mai amfani da mota kullum yana komawa masaukai masu zaman kansu da ake kama gado tun da wuri, su kuwa sun fi tsada. In za ka yi lissafi na gaskiya, ka haɗa kuɗin ɗauka da wannan bambanci, ka ninka da yawan kwanaki.

Yawancin jakar da ta ɓata hanya daga rubutun takarda ne. Villafranca biyu ce a kan hanyar, ta Montes de Oca da ta Bierzo, tsakaninsu tafiyar fiye da mako guda. Sunayen masaukai ma suna maimaituwa daga gari zuwa gari. A rubuta sunan masauki da na gari cikakke, da lambar waya mai lambar ƙasa, a cire takardar jiya, a ɗauki hoton jaka da takardarta. A cikin mota jaka kan jaka ake ɗorawa, don haka duk abin da aka rataya a waje, silifa ko kofi ko tawul, zai iya yin nasa wuri. Kwalbar sabulun ruwa ta shiga leda biyu. Kayan kwanciya su shiga jakar roba mai rufewa ruf, saboda kuɗin cizo ba ya neman izini kafin ya sauya jaka.

In aka kwatanta da Jacotrans, wani kamfanin ɗaukar kaya da ya daɗe a wannan hanya, bambancin na salo ne. A wurinsu ka ɗauki ambulan a masauki, ka rubuta inda za ka, ka sa kuɗi daidai a ciki, ka ɗaura a jaka, ka tura musu saƙo da yamma. Ya fi dacewa da mai yanke shawara rana-rana, amma sai ka riƙa yawo da canji. Correos ya fi wa wanda ya tsara zangonsa duka tun daga gida, ya biya da kati sau ɗaya, in ya so sauyi ya sanar kafin lokacin rufe rajista. Ko wanne ka zaɓa, matsalar daren jiya tana nan.

Wani abu ga Musulmin da sha'awar tafiyar ta ja shi: a ƙauyukan dutse abincin da ke hannu yawanci naman alade ne a cikin burodi, har miyar wake ma da shi ake dafa ta. Wainar ƙwai da dankali, cuku, kifin gwangwani, dabino da gyaɗa su ne mafita, kuma wurinsu jakar yini, ba wadda ke cikin mota ba.

Correos na da wata hidima daban, Paq Peregrino, wadda mutane kan rikita da ta farko. Ita ba zango-zango take bi ba, kai tsaye take kai akwati ko kwali Santiago a ajiye maka, kana biyan kuɗin ajiya gwargwadon kwanaki. Wurin da ya fi dacewa a yi amfani da ita shi ne Pamplona, kwana uku da fara tafiya, lokacin da kafaɗa ta riga ta faɗa maka abin da ya yi yawa. Ka zazzage jaka a kan gado, duk abin da ba ka taɓa ba tun Saint-Jean, in ban da rigar ruwa, rigar sanyi da magani, ya shiga kwali. Za ka karɓe shi a ofishinsu na Rúa do Franco, taku kaɗan daga majami'ar, inda kuma suke da ma'ajiyar kaya, da yake ba a barin kowa ya shiga majami'ar da jakar goyo.